Tsingaro Mai Ƙamshin Na'ana'a

Magariba ta kawo jiki a gefen garin Malanbil na gabas, inda gidaje suke ƙarewa fadama ta fara, kuma babu abin da ya bambanta maraicen nan da waɗanda suka gabace shi. Daga nesa ana jin gurnanin manyan motocin da suka yi layi a bakin duwan, wato shingen kwastan. Zuhura tana durƙushe gaban murhu tana tuƙa tuwon masara, 'yarta Samiha tana kwashe shanya daga igiya, maigidan kuma, Latifu, yana zaune bisa buhun albasa yana alwala. Sai wani abu ya faɗo a tsakiyar gidan, ya yi tsalle sau ɗaya, ya tsaya daidai ƙafar Latifu.

Ya ɗaga kai ya zagi 'ya'yan maƙwabta, ya ci gaba da shafar kunne. Na biyu ya faɗo cikin butarsa. Na uku ya daki ƙyauren ɗaki da ƙarfin da hannun yaro ba shi da shi. Daga nan abin ya sauko kamar ƙanƙara, bisa kwano, bisa rumbu, bisa akurkin kaji, har kajin suka yi tsit maimakon su yi kuka. Ladan bai kai ƙarshen kiran salla ba jifan ya tsaya, gidan ya yi shiru irin wanda mutum yake jin bugun jininsa a ciki.

Zuhura ce ta sunkuya ta ɗauki ɗaya. Tsingaro ne, guntun bakin tukunya, jiƙe sharkaf da laka baƙa, alhali rani ya yi nisa kuma ƙasar gidan ta bushe ƙayau. Ta kai shi hanci, ƙamshin na'ana'a ya cika mata kai. Ta juya shi a hasken murhu, ta ga zanen da ta sani tun tana goye: ɗigo-ɗigon babban yatsa da mahaifiyarta take dannawa a bakin kowace tukunyar da ta gina. Ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi ƙasa.

Kafin a fahimci wannan kallo, dole a san tabkin. A kan hanyar Garu akwai wani tabki da gulbi yake cikawa idan ya yi ambaliya, ya bar shi a baya idan ya janye. A gefensa na yamma, ƙarƙashin inuwar wata tsohuwar giyayya, akwai 'yar siririyar gaɓa wadda ba tudu ba ce ba kuma ruwa ba, laka ce da take nutsa ƙafa har idon sawu. Wannan gaɓa ta mahaifiyar Zuhura ce, wadda duk unguwa take kira Kaka, kuma da za ta rasu ta bar wa 'yarta ita a gaban shaidu. A nan Kaka ta dasa na'ana'ar ruwa, wadda wata matafiya ta ba ta daga cikin kwalekwale shekaru da dama da suka wuce. Ba irin ta lambu ba ce. Kararta ja-ja ne, ganyenta mai duhu, furenta dunƙule mai launin shuni da ƙudan zuma suke rububi a kai, ƙamshinta kuma ya fi na kowace ƙarfi. Ba ta rayuwa sai ƙafarta tana cikin ruwa kanta yana cikin inuwa. Masu shayi na bakin kasuwa da na tashar motoci sun san ta, sun kuma san babu inda ake samunta sai hannun Zuhura.

Ita wannan shuka tana da hali guda: ba ta zama inda aka ajiye ta. Saiwarta tana rarrafe ƙarƙashin laka, fara sol kamar zare, ta ɓullo can inda ba a gayyace ta ba. Saboda haka Kaka ta gina tukwane, ta cire musu gindi, ta binne su a gaɓar har sai bakinsu ya rage tsawon ɗan yatsa a waje, ta dasa na'ana'ar a ciki. Saiwa ta sauka ƙasa ta sha ruwa yadda take so, amma idan ta nufi gefe sai ta ci karo da yumɓu ta juyo. Zuhura ta gaji tukwanen tare da aikin. Takan zaga da wuƙa ta datse duk reshen da ya haura baki yana neman ƙasa, don kada shukar ta cinye mashigar da shanu suke shan ruwa, ko ta shiga gonar wani. Da abin da gaɓar nan take bayarwa ta tufatar da Samiha, ta riƙe ta a makaranta, ta rufa asirin tukunyar gidan a shekarun da albasa ta ruɓe wa Latifu a buhu.

A shekarar da albasa ta yi daraja, Latifu ya dubi gaɓar matarsa ya ga ƙasa mai dausayi tana ɗauke da ganyen shayi. Gonarsa tana manne da ita ta tudu. Bai nemi shawara ba, domin a ganinsa mutum ba ya neman izni a cikin gidansa, kuma duk abin da matarsa ta mallaka cikin gidansa yake. Ya jira ranar da Zuhura ta tafi ƙauyen Tumbutu gaisuwar rasuwa, ya kawo garmar shanu. Bakin garmar ya bi tukwanen Kaka ɗaya bayan ɗaya yana farfasa su. Da ta dawo ta tarar da kunyoyi a jere, da injin ban-ruwa yana tari a gindin giyayya. Ta yi magana, ya ce mata ciyawa ce ya nome, kuma idan albasa ta nuna ai cikinta za ta shiga. Ta kai kuka wurin yayyensa, suka ce ta yi haƙuri. Wannan kalma ita ce abin da aka fi bai wa mata a unguwar, kuma ba a taɓa jin an ba Latifu ita ba.

Abin da bai sani ba, domin bai taɓa tambaya ba, shi ne garma ba ta kashe na'ana'a. Ta daddatsa saiwar ne ta warwatsa ta, kowane guntu kuma ya tsiro. Kafin dashen albasarsa ya miƙe, kunyoyin sun yi kore shar da abin da ya ce ya nome. Ya cire da hannu, ta dawo. Ya sa fartanya, ta ƙaru. Sai ya shiga kasuwa ya sayo maganin kashe ciyawa, ya goya tankin feshi a baya da magariba, lokacin da ya san matarsa tana gaban murhu, ya bi gaɓar yana fesawa ba tare da ko bisimilla ba. Da ya gama ya wanke tankin a cikin tabkin. Washegari ƙananan kifaye suka taso da fararen cikkunansu a sama, kwaɗi suka yi shiru, gaɓar ta koma baƙa kamar an bi ta da wuta.

Samiha ce ta je da yamma, ba ta gaya wa kowa ba. Ta kutsa cikin laka har gwiwa, ta zura hannu ƙarƙashin jijiyar giyayya inda feshin bai kai ba, ta tono 'yar saiwa cikin tafin hannu tare da lakarta. Ta kawo gida ta sa a kasko, ta zuba ruwa, ta ɓoye bayan randa. Da uwar ta gani sai ta juya baya ta share ido da gefen zani. Samiha 'yar fari ce, kuma bisa al'ada Zuhura ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma yaba mata a gaban ido. 'Yar Kaka take ce mata. Ranar ma abin da ta iya cewa shi ne a riƙa ƙara wa kaskon ruwa kada ya bushe. Maraicen da ya biyo baya ne tsingaro ya fara sauka.

Bai tsaya a rana ɗaya ba. Kullum rana ta faɗi sai jifan ya zo, kullum kuma da guntayen tukwanen Kaka, har Zuhura ta tara tsibi a bayan ɗaki. Sai aka fara jin wani siririn kuka daga wajen randa, kamar na jinjirin da ya gaji da kuka. Aka fara ganin sawu jiƙaƙƙe daga ƙofar gida zuwa randar, sawu mai tsawo, wanda ba ya komawa. Ruwan sha ya koma ɗanɗanon laka. Tufafin Latifu, ko an wanke su an goge, idan ya sa sai su riƙa warin maganin feshi.

Sannan abin ya sauka a kan Samiha. Yarinyar da take cika gida da gardama da waƙar rediyo ta daina magana. Ta daina cin abinci. Takan zauna a gindin randa, ƙafafunta cikin kwano cike da ruwa, hannunta ɗaya bisa kaskon, idanunta a buɗe ba sa ganin kowa. Jikinta ya yi sanyi kamar tulun da ya kwana a waje. Idan aka cire ƙafafunta daga ruwa sai fatarta ta fara tsagewa, numfashinta ya riƙa sarƙewa. An ɗora ta bisa babur an kai ta asibiti, aka auna jini aka duba ido, aka ce ba a ga komai ba, aka ba ta maganin ƙarin jini. Da aka dawo da ita ta rarrafa da gwiwa zuwa randar.

Mazan majalisar Latifu ba su sha wahalar gano mai laifi ba. Sun zauna bisa tabarma suna kurɓar shayin da ya rasa ƙamshinsa tun da aka ƙone gaɓar, suka yanke cewa ƙamshi ne yake jawo mutanen ɓoye, kuma macen da take yini ita kaɗai a gindin giyayya ba a san da wa take hira ba. Wani ya tuna cewa ita ma Kaka ba a rasa yi mata wani kallo ba. Babu wanda ya ambaci garma. Babu wanda ya ambaci kifayen da suka taso, ko da yake 'ya'yansu ne suka kwashe su. Matan unguwa suka daina aiko yara ɗibar wuta a gidan. Macen da aka fasa wa gado, aka kashe wa sana'a, 'yarta take narkewa a gabanta, ita ce aka wayi gari ana kauce wa hanyarta.

Latifu ya shigo wata yamma da kwalbar isansi, wato fetur, a hannu. Ya ce ya gano inda masifar take kwana, zai ƙone kaskon nan a huta, kuma idan an gama Zuhura ta tattara ta koma gidan danginta har sai ya neme ta. Ya miƙa hannu. Samiha ba ta motsa daga zaune ba, ta dai kama wuyan hannunsa, sai ga ƙato mai ɗaga buhun albasa shi kaɗai ya durƙushe yana neman ta sake shi. Wata murya ta fito daga bakinta, mai kauri, tsohuwa, kamar daga ƙarƙashin ruwa.

"Ka taɓa shi, ka bizne ɗiyarka kahin gobe."

Da gari ya waye Latifu ya hau babur zuwa Madekali, ya ɗauko Malam Zahiru.

Malam Zahiru dattijo ne siriri mai ƙarancin magana, wanda ya yi karatu a wurare da dama kafin ya dawo gida ya zauna. Ya iso bayan la'asar, ya zauna a zaure, ya saurari Latifu har ya gama. Shi ma, kamar kowa, maigida ya fara tambaya, kuma da ya tsaya a nan da ya tafi da rabin labari. Amma da ya shigo tsakar gida ya ga tsibin tsingaron, ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya tambayi na wane ne. Zuhura ta amsa daga bakin madafa cewa na uwarta ne. Ya tambayi wanda ya fasa. Latifu ya kawar da kai, Malam kuma bai sake tambaya ba.

Ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da randa. Ya hana a taɓa kaskon, ya hana a cire ƙafafun yarinyar daga ruwa. Ya zauna ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa, yana tofawa a kofin ruwa yana yayyafa mata. Rana tana sauka bayan katanga, inuwar rumbu tana tsawo har ta rufe su. Da farko babu abin da ya faru. Can yatsun ƙafar Samiha suka fara karkarwa, ruwan kwanon ya yi duhu, ƙamshin na'ana'a ya taso ya cika gidan har ido yana yaji. Ta ɗaga kai a hankali, fuskar tata ce amma kallon ba nata ba ne.

Malam ya yi sallama, aka amsa masa. Ya tambayi wace ce, muryar ta ce sunanta ba abin da zai amfane shi, ita ce dai take zaune a tabkin tun kafin a kafa gada bisa gulbi. Ya tambaye ta ko ta san Allah, ta ce ta san shi, ta kuma san ya hana zalunci. Ya ce to me ya kawo ta jikin yarinyar da ba ta yi mata komai ba.

Muryar ta ba da labarinta, a hankali, cikin Hausa tana gauraya da Dandanci irin na tsofaffi. Ta ce lokacin da Kaka ta zo da tukwanenta, sallama ta yi kafin ta sa ƙafa a laka, ta dasa abinta ta bar wa kowa hanya. Inuwar ganyen ta sanyaya ruwan gefen, ita kuma ta mayar da 'ya'yanta can, cikin saiwoyin, suna kwana suna tashi. Da garma ta zo sun warwatse amma sun rayu. Da dafin ya zo, da magariba, lokacin da ƙanana suke fitowa, babu sallama babu gargaɗi, sai ta bi gaɓar tana tsintar su.

"Guda ɗai ya rage mani," in ji muryar. "Shina cikin kaskon ga. Inda anka kai shi, nan ni ka zama."

Latifu yana tsaye a jikin bango. Malam ya tambayi abin da take so ta fita. Ta ce rai a bakin rai: an kashe mata da yawa, ɗaya za ta ɗauka. Malam ya ce ba ta da wannan iko, kuma idan ta nace zai ci gaba da karatu har ta ƙone a inda take. Ya ɗaga murya, jikin Samiha ya lanƙwashe, wani ƙara ya fito da ya sa awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Da ya sassauta, muryar ta ce to a yanka mata baƙin bunsuru a gindin giyayya. Malam ya ce jini ba a zubar da shi don kowa sai Allah, kada ta sake ambata. Ya koma karatu. Jinin haɓo ya fara bin leɓen yarinyar.

A nan ne Zuhura ta taso. Ba a kira ta ba, kuma a irin wannan zama ba a saba mace ta sa baki ba. Latifu ya daka mata tsawa ta koma, ba ta ko dube shi ba. Ta ce Allah gafarta Malam ya dakata, jikin da ake ƙonawa na 'yarta ne. Ta durƙusa gaban yarinyar har gwiwoyinsu suka haɗu, ta dubi abin da yake cikin idanun nan kai tsaye.

"Ke baiwar Allah, ni ka tambayar ki. Wa ya zuba maki dahi?"

Muryar ta ce ta sani.

"Kin sani. To wa ya shiga laka ya hiddo maki ɗanki da hannunshi? Wa ka zuba mai ruwa safe da marece?"

Zuhura ta nuna Latifu da yatsa.

"Ga shi can tsaye, lahiya lau, shina cin tuwo shina kwana. Kin wuce shi a bakin ƙohwa, kin zo kin kama wadda ta cece ki. Mutane sun yi mani haka, na ce halinsu ne. Ashe ku ma da ku ka gani cikin duhu, mai rauni ku ka zaɓe."

Kiran salla ya taso daga masallacin unguwa ya ƙare, babu wanda ya motsa. Daga bayan randa siririn kukan nan ya ɗaga, sannan ya lafa. Da muryar ta dawo ta rage kauri. Ta ce yarinyar ce ta buɗe hannu, shi kuwa a rufe yake ko'ina, ba ta sami ta inda za ta shige shi ba. Zuhura ta ce ta san wannan, shekara ashirin take neman ta inda ake shigarsa, amma wannan ba hujja ba ce.

Malam Zahiru ya gyara zama. Ya ce yanzu magana ta koma inda ya kamata ta fara. Ya juya ga Latifu ya gaya masa, a gaban matarsa, cewa abin da mace ta gada nata ne, aure ba ya mayar da shi na miji, kuma wanda ya shiga gonar wani da garma ba da izni ba sunansa azzalumi ko da gado ɗaya suke kwana. Ya ce mayar da abin da aka ƙwace ba kyauta ba ce ga aljan, haƙƙi ne, kuma wannan kaɗai zai yarda a yi ciniki a kansa.

Muryar ta kawo sharuɗɗanta. A mayar da saiwar gaɓar da aka tono ta, kuma hannun da ya yi feshin shi zai dasa. A ɗauke injin daga gindin giyayya. Kada dafi ya sake kusantar ruwan. Sannan ta ƙara da cewa a wannan karon babu tukunya, shukar ta bi duk inda take so.

Zuhura ta ce a'a. Ta ce mashigar shanu ba ta yi laifi ba, gonar maƙwabci ma haka. Ta waɗannan ɓangarori za ta binne tukwane kamar yadda uwarta ta yi. Ta ce ta ɓangaren tudu kuwa, inda albasa take, ba ta da sauran tukunyar da za ta sa, an farfasa.

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Samiha, wanda da a bakin mutum ne da an ce dariya ce. Muryar ta ce ta yarda. Malam ya sa ta yi alkawari da sunan Allah cewa ba za ta dawo ba, ba kuma za ta taɓa kowa na gidan ba, ta yi. Ya tambayi Latifu ko ya ji, ya kuma ɗauka. Latifu ya buɗe baki ya fara zancen abin da ya kashe a kan kunyoyin. Malam ya nuna masa 'yarsa da jini a haɓa, ya ce ya dube ta ya ƙarasa maganar idan zai iya. Latifu ya ce ya ɗauka.

Ta ƙaramin yatsan ƙafar hagu aljanar ta fita. Yatsan ya miƙe ya karkaɗa, ruwan kwanon ya yi tambal ya zube, Samiha ta sulale gefe kamar zanin da aka saki. Ba ta numfashi. Malam ya yayyafa mata ruwa, ya ce a kira ta, wanda ta fi sanin muryarsa ya kira sunanta. Latifu ya kira, ba ta motsa ba. Zuhura ta ɗora kan yarinyar bisa cinyarta, ta sunkuya har bakinta ya taɓa kunnenta, ta faɗi sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi.

"Samiha. Tashi, Samiha."

Ƙirjin ya ɗaga. Idanun suka buɗe, nata ne. Ta ce, Inna, yunwa nake ji.

Da hantsi aka tafi tabkin. Latifu ya naɗe wando, ya shiga lakar da ya ƙone, kaskon a hannunsa. Masu wucewa a kan kekuna da babura suka rage gudu suna kallo. Bai san yadda ake yi ba, ya cusa saiwar a tsaye kamar albasa. Zuhura, daga tudu, ta ce ya kwantar da ita, ya rufe da laka kaɗan, ya bar kan a waje, ya kuma yi sallama tukuna. Ya yi sallama ga ruwan da babu kowa a kansa. Tun daga maraicen ranar ba a sake jifa a gidan ba.

Unguwa ta ba da labarin yadda ya yi mata daɗi. Aka ce Latifu namiji ne, ya sadaukar da gonarsa don 'yarsa. A majalisa aka riƙa ba shi kofin farko. Babu wanda ya zo ya ce wa Zuhura an yi mata ƙazafi, matan da suka hana yaransu shiga gidanta suka dawo ɗibar wuta kamar ba a yi komai ba. Ita kuma ba ta jira su ba. Ta saya sababbin tukwane ta cire musu gindi, ita da Samiha suka binne su ta mashigar shanu da ta gonar maƙwabci, suka jera tsingaron Kaka a gindin giyayya.

Gulbi ya cika ya janye, ya wanke gaɓar. Na'ana'a ta tashi. Ta cika gefen ruwa, sannan ta juya ta fuskanci tudu, inda ban-ruwan Latifu yake jiƙa ƙasa kullum. Ta shiga kunya ta farko, ta shaƙe albasar da take ciki. Ta shiga ta biyu. Latifu yakan tsaya da yamma da fartanya a kafaɗa yana kallon jajayen karan suna ratsa gonarsa, ya ɗaga fartanyar, ya dubi ruwan da ya yi luf ƙarƙashin giyayya, ya sauke.

Wata yamma ya gangaro inda take yankan ganye tana ɗaurewa, ƙudan zuma suna kewaya kanta. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tambaye ta, da muryar da ba ta san shi da ita ba, yadda ake tsayar da wannan abu. Ita ce tambaya ta farko da ya taɓa yi mata a kan tabkin.

Zuhura ba ta ɗago ba. Ta datse wani reshe da ya haura bakin tukunya ta wajen mashigar shanu, ta jefa a kwando.

"Ranar dashe a ka tsai da ita, Maigida," ta ce. "Ka ja baya kaɗan, ka taka mani shuka."